Sunan banza daga gida yake fitowa

Jiya bayan an tashi makaranta, a wani lungu na unguwar Mabera a nan Sakkwato, na tarar da 'yan aji ɗaya na sakandare sun yi wa wani yaro zobe, suna kwaikwayon i'inarsa, suna kiransa Daƙiƙi. Bai yi kuka ba, bai rama ba, ya dai sunkuyar da kai yana murza igiyar jakarsa. Da na kore su na tambayi wanda ya laƙaba masa sunan, sai ɗaya ya ce: "Wallahi Baba, hakanan yayanai ka kiranai gida."

'Yan'uwana iyaye da yayye, mu ji tsoron Allah da bakunanmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 bai gama sanin kansa ba, abin da aka ce da shi a gida shi yake ɗauka gaskiya. Ya zubar da koko, jaki. Ya faɗi jarrabawa, a karanta sakamakon gaban baƙi ana dariya. Yarinya ta fi 'yan ɗakinsu duhun fata, a mayar da ita Baƙa har sunan yankanta ya ɓace. To ranar da siniya ya ƙwace masa kuɗin tara, wa zai kai wa ƙara? Wanda ya fara zaginsa?

Shi ma mai cin zalin, sau da yawa wanda aka murƙushe ne a gida, yake neman na ƙasa da shi ya huce. Rahoton 2019 na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya na shan cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai. Mu kuwa tun kafin wani rahoto, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da sunayen banza. Muna biya ta a Islamiyya, mu dawo gida mu ce "kai Daƙiƙi, kawo buta". Ga kuma masu ɗaukar bidiyon yaro yana kuka su watsa a WhatsApp, wai raha suke!

Ku kira yaro da sunansa, ku yaba masa idan ya yi daidai, ku saurare shi.

A garin da Nana Asma'u ta ɗaga darajar matan karkara da karatu, a da ko maƙwabci ya ji ana muzanta yaro sai ya tsawata, uba kuma ya bi shi da godiya. Yanzu ka tsawata, a biyo ka har zaure ana tambayar ina ruwanka.