Biyan Kuɗin Hoto Ba Sayen Haƙƙinsa Ba Ne

Masu shaguna da yawa a Abuja suna ɗauka cewa da zarar sun biya mai ɗaukar hoto, hotunan sun zama mallakarsu gaba ɗaya. Ba haka abin yake ba. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin hoto yana fara zama ne a hannun wanda ya ɗauke shi, kuma ba ya komawa ga wani sai da rubutacciyar yarjejeniya. Saboda haka, mai sayar da atamfa a kasuwar Wuse da ya biya kuɗin hotunan tallar Instagram bai kamata ya buga su a allon talla ba sai ya sake neman izini, wanda galibi kuɗinsa daban ne.