Ku bar mutum ya wasa cizal ɗinsa yadda hannunsa ya karɓa

'Yan uwana kafintoci, musamman ku matasa da kuka fara tsayawa da ƙafarku, akwai wata ɗabi'a da take damuna. Da an ga mutum ya ɗaure cizal a cikin ɗan ƙarfen nan mai taya da ke riƙe baki a kan dutsen washi, sai a fara yi masa dariya, wai bai iya ba, wai ƙwararre da hannu kawai yake wasawa. Wannan ba daidai ba ne.

Me ake nema a washi? Bakin cizal ya kwanta a kusurwa ɗaya, yawanci digiri 25, a ɗan ɗaga ƙarshensa zuwa 30, a goga har ka ji ɗan gashin ƙarfe ya taso ta baya, sannan ka kwantar da bayan a kan dutse ka share shi. Shi ke nan. Wanda ya shekara yana yi, wuyan hannunsa ya haddace kusurwar. Wani kuwa hannunsa na rawa, ko idonsa ya fara rauni, ko kuma cizal ɗinsa ɗaya ne tak ba ya son dutse ya cinye masa shi a wajen koyo. Ƙarfen nan ya riƙe masa, bakin ya fito sumul. Ka ɗauko gutsuren madaci ko kawo daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ka ba mai wasawa da hannu da mai amfani da ƙarfen nan su yanka a kan ƙarshen itacen. In duka sun fere shi ba tare da tsagewa ba, ina abin gori?

Ku duba Japan. Zartonsu yana cin katako ne in an jawo shi, na Turawa da muka gada kuwa sai an tura. Mutanen Japan da dutsen da ake jiƙawa da ruwa suke wasa ƙarfe, wasu kuma da dutsen da ake sa wa mai. Masassaƙinmu da gizago yake fafe turmin kirya, bai taɓa auna digiri ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yaran shago. Yaro ya ji ana kushe hanyar da ta fi masa sauƙi, sai kunya ta sa ya ɓoye, ya ci gaba da aiki da dakusasshen ƙarfe. Dakusasshen cizal kuwa sai an danna shi da ƙarfi, a nan yake zamewa ya sami hannu.

Akwai inda ya wajaba ka yi magana. In ka ga ɗan'uwa ya danna ƙarfe a kan injin washi har bakin ya koma shuɗi, tsayar da shi, domin zafi ya kashe taurin ƙarfen, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin. Nuna masa ya riƙa tsomawa a ruwa. In ka ga ya sa hannunsa a gaban bakin cizal, ka janye masa shi nan take.