Shawarar cajin Turai da zafin Kano

Akwai wata shawara da ke yawo a wayoyin mutane, na kuma san da yawanku an turo muku ita a WhatsApp: wai kada ka bar cajin wayarka ya sauka ƙasa da kashi 20, kada kuma ka bar shi ya haura kashi 80. Shawarar gaskiya ce, ba na ja da ita. Abin da ke damuna shi ne an ɗebo ta daga ƙasashen da wuta ba ta yankewa, an kawo wa mutanen da matsalarsu daban take. A Hamburg nake zaune, a arewacin Jamus. Hukumar da ke sa ido kan layukan lantarki a ƙasar nan tana fitar da lissafi duk shekara, kuma a shekarun baya-bayan nan, idan aka raba ɗaukewar wuta a kan masu amfani da ita, abin da ke faɗa wa kowa bai kai minti 15 ba a shekara sukutum. Ga soket a jirgin ƙasa, ga shi a ɗakin karatu, ga shi a wurin aiki. Wanda ya zare waya a kashi 80 a nan bai rasa komai ba, domin duk sa'ad da ya ga dama zai sake jonawa.

To a je a faɗa wa mai shago a Kurna ko Rijiyar Lemo ya zare tasa a 80, alhali ƙarfe biyun dare aka kawo wuta, bai kuma san ko za a sake kawowa kafin jibi ba. Zai cika waya taf, ya cika fawa banki, ya cika cocila, kuma daidai ya yi. Ta wayar nan ake turo masa kuɗin ciniki, ta ita dillali ke nemansa. Idan ta mutu da la'asar, asarar da zai yi ta fi ɗan tsufan da batir zai ƙara. Ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan, raina ma ɓaci yake idan na ji ana yi wa irinsa kallon wanda bai san ciwon kayansa ba.

Abin da ya fi wannan lissafi na 20 da 80 cin batir a wajenmu, wanda kuma muke da ta cewa a kansa ko da wuta ko babu, shi ne zafi.

Batirin da ke cikin kusan duk wayar da muke riƙewa yau na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara sakawa a kasuwa a 1991, wanda kuma aka ba masana uku kyautar Nobel a kansa a 2019. Shi wannan batir tsufa yake yi, ko an lallaɓa shi ko ba a lallaɓa ba. Da zagaye ake ƙirga rayuwarsa: duk lokacin da ka cinye abin da ya kai kashi 100, ko da rabi yau rabi gobe ne, zagaye ɗaya ya tafi. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta an ƙera shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan 1,000, amma fa a yanayi mai kyau. Wanne ne yanayi mai kyau? Kamfanin da kansa ya ce tsakanin digiri 16 da 22 wayar ta fi sakewa, ya kuma yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir, raguwar da ba ta dawowa. Dalili kuwa, a cikin batirin akwai wani sinadari da litiyam ke ratsawa yana kai da kawowa tsakanin ɓangarori biyu. Zafi yana sa sinadarin nan ya riƙa lalacewa yana cinye wani kaso na litiyam ɗin, abin kuma ya fi muni idan batirin a cike yake. Kamar buhun da aka danƙara har baki aka yasar a rana ne, ɗinkinsa zai riga na wanda ke inuwa saki.

Yanzu a gwada wuraren biyu. Digiri 16 zuwa 22 kusan shi ne yanayin cikin ɗaki a Hamburg yawancin shekara. A Kano kuwa, a watan Afrilu rana kan kai digiri 40, Sakkwato da Maiduguri da Yamai har su zarce. Ke nan wayar da ke ajiye a kan benci da azahar, ba a ko taɓa ta ba, ta riga ta haye iyakar da mai ƙera ta ya gindaya, sannan a zo a jona ta caji, wanda shi ma nasa zafin yake haifarwa. Mu a nan da sanyi muke kuka. A watan Janairu sai ka fito da waya a tashar bas, da sauran caji a cikinta, ta ɗauke ɗif. Amma kana shiga ɗaki ta ɗumama sai ta farfaɗo, in dai ba ka jona ta caji tana ƙanƙare ba, don wannan ma yana yi wa batir illa. Abin da zafi ya ci kuwa ya tafi ke nan.

Ku tuna yadda muke caji a gida. Shagon caji yawanci ɗan kes ne na kwano ko kwantena a bakin titi, janareta na ruri a gefe, wayoyi jere reras a kan katako, idan wuri ya cika a ɗora wata a kan wata, kowace tana hura wa 'yar'uwarta zafi, kowace kuma cikin rigarta ta roba. Ga mai POS a ƙarƙashin laima, wayarsa a jone da fawa banki tun safe har magariba, rana na juyawa tana dukanta bai lura ba. Ga direban da ke ajiye waya a gaban gilashin mota tana caji, wurin da ko hannu ka ɗora sai ka janye. Ga matashin da ya ɗaure waya da fawa banki da roba, ya cusa su a aljihu tare. Ga wadda ke tura waya ƙarƙashin filo da dare tana caji, don kada yara su ɗauka ko don tsoron mai ziro hannu ta taga. Ga kuma wanda da an kawo wuta sai ya jona, ya kwanta yana kallon TikTok ko ƙwallo, wayar na karɓar caji tana aiki mai nauyi lokaci guda, har ta gagari riƙewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da gyaransa ke buƙatar wutar NEPA ta daidaita. Cire wa waya riga yayin caji, ajiye ta a kan siminti a inuwa, ƙyale ta ta huta har ta cika, raba ta da jikin fawa banki: ko sisi ba a kashewa. Mai shagon caji da zai yi wa katakonsa hawa-hawa, ya bar tazara tsakanin wayoyi, ya juya musu ɗan fanka, ya yi wa unguwarsu hidimar da ta fi duk saƙonnin da ake turawa. Sai dai kada a ce za a sanyaya waya a firji ko a jikin randa, danshi zai shiga ciki ya ɓata abin da zafi bai ɓata ba.

Kwanaki wata ƙanwata ta turo mini hoton wayarta, bayanta ya ɗaga, gilashin ya fara rabuwa da jiki. Ta ce, “Yaya, ko in ɗora mata littafi mai nauyi ta koma?” Na ce mata kul, ta kashe ta, kada ta sake jona ta, ta kai a cire batirin. Kumburin nan iska ce da sinadarin ciki ya fitar bayan ya lalace, kuma batirin da ya kumbura idan aka danne shi ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Wanda yake ganin wasa ne ya tuna 2016, lokacin da Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta na kamawa da wuta, har aka hana shiga jirgin sama da ita. Hankalina yana tashi idan na tuna yawan wayoyi masu kumbura da ke kwana a kan katifa kusa da kan yara.

Sai maganar caja. Idan ka duba ƙananan rubutun da ke jikin caja ta ƙwarai, za ka ga an ce tana karɓar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240. Wannan na nufin ko wutar ta zo da rauni, ko janareta na hawa yana sauka, cajar za ta daidaita abin da take miƙa wa waya. Jabun caja kuwa rubutun kawai ta kwafa, kayan kariyar da ke ciki an rage su don a rage farashi, shi ya sa za ka ji waya na ja a hannu, ko allon ya riƙa taɓa kansa idan tana jone. Na fi son mutum ya sayi waya mai araha ya haɗa ta da caja mai kyau, da ya sayi mai tsada ya riƙa jona ta da duk igiyar da ya tsinta. Haka kuma idan an ɗauke wuta a zare caja daga soket, domin dawowar wuta da ƙarfi ita ke ƙona kaya.

Akwai kuma wani tsohon zance da ya ƙi mutuwa, wai sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji kafin a kunna ta, wai kuma sai batir ya mutu murus kafin a jona shi. Wannan gadon zamanin tsofaffin batura ne, lokacin da wayar salula ta shigo mana a 2001. Batirin litiyam ba ya son a ƙarar da shi ƙaf, kuma ɗan caji kaɗan-kaɗan ba ya cutar da shi. Waya ma da kanta take tsayar da karɓar wuta idan ta cika. Ga wanda Allah ya hore wa sola ko wuta tsayayya, yawancin sababbin wayoyin Samsung da iPhone suna da wurin da za a saita caji ya tsaya a wajen kashi 80. Shi ya kunna, zai amfana.

Bambancin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wanda ake ɗora wa nauyi. A nan hukuma kamfani take kamawa. Tun 28 ga Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a Tarayyar Turai dole bakin cajinta ya zama USB-C, caja ɗaya ta wadatar da gida. Daga 20 ga Yuni 2025 kuma dole batirin sabuwar waya ya jure aƙalla zagaye 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa, dole kuma kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyara har shekara bakwai bayan ya daina sayar da samfurin. Ga haƙƙin shekara biyu da doka ta ba mai saye idan kaya ya zo da aibi. A wajenmu nauyin duka a kan mai saye yake. Wayar da Bature ya gama cin moriyar batirinta ita ake lodowa a kawo mana da sunan ta hannu mai tsabta, ta zo da rabin rayuwarta, ta kuma faɗa cikin zafin da ba ta taɓa gani ba. Duk mai sayen irin wannan ya duba lafiyar batir kafin ya biya, ya kuma sa kuɗin sabon batir a lissafinsa tun farko. Na yaba wa Tecno da Infinix da itel a kan abu ɗaya: sun gane cewa mutanenmu babban batir suke nema, suka riƙa saka shi a wayoyi masu sauƙin kuɗi. Masu gyaranmu na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kuwa suna farfaɗo da wayar da a nan za a ce maka ka sayi sabuwa kawai. Hannu muna da shi. Abin da ya rage shi ne hukumomi irin su SON mai kula da ingancin kaya da NCC mai kula da harkar sadarwa su matsa a kan ingancin batura da cajojin da ke shigowa, ta yadda mai gyara na kirki zai samu kayan kirki da zai saka.

Idan kuma an cire mataccen batirin, ina yake zuwa? A Jamus doka ta wajabta wa shagon da ke sayar da batura ya karɓi tsofaffi kyauta, shi ya sa za ka ga ɗan akwatin tara su a bakin ƙofar kantuna. A gida bola yake tafiya, yara su tsinta su fasa, ko a cinna wa sharar wuta ya fashe a cikinta. Wannan ba sai an jira majalisa ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya suna da shugabanni, suna da tsari, suna karɓar kuɗin ƙungiya. Za su iya ajiye duro na ƙarfe da yashi a ciki, a inuwa, nesa da janareta, kowane mai gyara ya liƙe bakin batirin da ya cire da salatif ya jefa a ciki, sannan ƙungiya ta nemi masu sarrafa irin waɗannan kaya su riƙa zuwa suna kwashewa.