Kujerar ɗan majalisar tarayya a karkara, a rumfa ake cin ta

Jama'a, duk mai shirin tsayawa takarar majalisar wakilai a mazaɓar da yawancinta ƙauyuka ne, ko mai yi wa wani hidima, ya zauna ya duba abin da ya faru a Doguwa da Tudun Wada ta jihar Kano a 2023. A ganina yawancin 'yan takara suna zuba kuɗinsu inda ba ya haihuwa: gangami, fosta, sojojin baka. Rumfar zaɓe kuwa, da hanyar da ta taso daga rumfa zuwa wurin tattara sakamako, sai a bar su a hannun Allah da yaron da aka ɗauko jiya da daddare.

A zaɓen 25 ga Fabrairu, an fara bayyana Alhassan Ado Doguwa na APC da ƙuri'a 39,732, Yusha'u Salisu na NNPP da 34,798. Rata 4,934 ke nan. An yi tashin hankali har da asarar rayuka a Tudun Wada, aka soke wasu rumfuna, kuma masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke sun fi wannan rata yawa. INEC ta janye sanarwar, ta ce zaɓe bai kammala ba, abin da Kanawa ke kira inkwankulusib tun 2019. Aka koma ranar 15 ga Afrilu. Sakamakon ƙarshe: Alhassan Doguwa 41,573, Yusha'u Salisu 34,831. Ku yi lissafin da kanku. Ɗaya ya ƙara 1,841, ɗayan ya ƙara 33. Mazaɓa mai ƙananan hukumomi biyu da gundumomi 21, amma 'yan rumfuna ƙalilan ne suka rufe magana.

Ƙa'idar da ta jawo haka ita ce mafi yawan magoya baya ba su sani ba. A tsarin da aka yi zaɓen 2023 da shi, idan ƙuri'un da aka kaɗa a rumfa suka zarce adadin mutanen da na'urar BVAS ta tantance, ko da ɗaya ne, sakamakon rumfar duka ya mutu. Haka idan aka fasa akwati ko aka kori ma'aikata. Daga nan sai a haɗa adadin waɗanda suka karɓi katinsu a irin waɗannan rumfuna, a auna da ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. In masu katin sun fi, babu wanda za a ce ya ci. Don haka yaron da ya jefa ƙuri'a biyu don yana ƙaunarka, a rumfar da kake da rinjayen ɗari uku, ya ƙona maka ɗari ukun nan. Abokin hamayya ma ya san wannan, shi ya sa ba ya tayar da rigima a gidansa, a naka yake tayarwa.

To, ejen. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce a miƙa wa INEC sunayen wakilan jam'iyya aƙalla kwana 14 kafin zaɓe. A nan ake fara faɗuwa, domin jerin sunayen yakan zama wurin sallamar 'yan uwan shugaban jam'iyya na gunduma. Ejen na gari ɗan garin ne, yana da rajista a rumfar, ya iya karatu da lissafi, kuma yana da wayar da ke ɗaukar hoto da caji cikakke. Aikinsa a bayyane yake. Ya iso kafin ƙarfe 8:30 na safe, ya ga an nuna akwatuna babu komai, ya ga BVAS tana kan sifili. Bayan 2:30, idan na ƙarshe a layi ya kaɗa, ya fara neman adadin waɗanda aka tantance kafin a taɓa ƙirga. Ya ga an cike fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, da lamba da kuma kalmomi, an sa hannu, an buga hatimi, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto. Ƙin sa hannu don fushi ba ya soke sakamako, sai dai ya bar ka ba takarda.

Abincinsa kuma a kai masa har inda yake. Ejen da ya tafi neman abin da zai ci da azahar, ko aka ce sai bayan zaɓe za a biya shi, wani ne zai ciyar da shi. A Fabrairun 2023 ma ga ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi, tiransifa kuma a ƙauyen da ba sabis zance ne kawai.

Sabis ɗin nan shi ne bambancin birni da karkara. BVAS tana tantance mutum ko babu intanet, amma ɗora hoton sakamako a IReV, shafin INEC na duba sakamako, sai an samu sabis. A duwatsun Riruwai ko gefen dajin Falgore, hakan na nufin ɗan bautar ƙasa mai kula da rumfar zai hau mota ko babur da takarda a jaka, sau da yawa bayan magariba, zuwa cibiyar gunduma inda za a kwafe lambobi cikin EC8B, takardar sakamakon gunduma. A wannan tafiya da wannan kwafi ne 71 ke zama 17. Kowace rumfa mai nisa tana bukatar babur da mai a tanki da zai bi ma'aikata har ƙofa, kowace gunduma kuma tana bukatar mutum ɗaya mai natsuwa da ke riƙe da kwafin dukan rumfunansa, da fitila, domin ba a dogara da wutar makarantar firamare.

Akwai ƙuri'un da ake asara ba tare da kowa ya sace ba. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da suna ko hoton ɗan takara, alamar jam'iyya ce kawai, kuma takardu uku ake ba mutum rana ɗaya: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisa. Tsohuwar da ta san fuskarka amma ba ta san alamar jam'iyyarka ba, kamar tsintsiyar APC ko kayan marmarin da NNPP ta yi amfani da su a 2023, ko ta dangwala da tawada mai yawa ta naɗe takardar ta shafi wani gurbi, ta fito a banza. Mata ne za su shiga gida gida su koyar da wannan da takardar gwaji, ba mai lasifika a kasuwa ba. Sannan Fabrairu rani ne, samari da yawa suna ci-rani a Kano, Abuja ko Legas, katinsu kuma na ƙauye. Wanda bai yi lissafin motar dawo da su ba, yana ƙirga mutanen da ba sa gari.

Masu cewa za a haɗu a kotu su sani kwana 21 kacal ke gare su bayan bayyana sakamako su shigar da ƙara, tare da rubutattun bayanan shaidu. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180, kuma shari'ar ɗan majalisar tarayya a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Alƙalai sun saba neman wanda ya tsaya a rumfar da ake ƙorafi a kai, ya gani da idonsa, yana riƙe da kwafin EC8A. Shugaban kamfen da ya kwana a otal yana amsa waya, abin da zai faɗa ji ya yi, kuma kotu ba ta karɓar an ce.