Yaron da na yi ta kira daƙiƙi

Ranar Lahadi na kai wa wani ɗan'uwa abinci gidan kaso a nan Maradi. Ina tsaye sai na ji an ce, "Mushe, ina wuni?" Da na waiga, ashe tsohon ɗalibina ne na ajin CE2, wato aji huɗu na firamare. Sata ce ta kawo shi. Tun ranar ban samu barcin kirki ba.

Na tuna shi sarai. Ba ya iya minti biyar a kan benci, b da d kullum a juye yake rubuta su. Amma ka ba shi lissafin kuɗi da ka, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa. Bulalar da na yi masa ba ta ƙirguwa, na kira shi daƙiƙi gaban 'yan aji. A gida kuwa cewa aka yi iska ce, aka shiga rubutu da hayaƙi. Ya maimaita aji, aka kore shi. Tasha ta karɓe shi, tramol ya ƙarasa sauran.

Sai daga baya na san akwai lalurar rashin natsuwa, akwai ta rikicewar haruffa, kuma daga ƙwaƙwalwa suke, ba rashin tarbiyya ba ne. Mai rashin natsuwa hannunsa kan riga tunaninsa. Kimanin yara 5 cikin 100 ke da lalurar rashin natsuwa, amma wani nazari na 2015 da ya tattara bincike 42 daga ƙasashe 15 ya same ta a wajen kusan ɗaya cikin kowane ɗaurarru huɗu. A Suwidin, binciken 2012 kan mutum fiye da 25,000 masu lalurar ya nuna laifi ya ragu da kashi 32 cikin 100 a maza lokacin da suke shan magani.

Kar a ce ina wanke ɓarawo. Wanda aka yi wa sata an cuce shi, kuma yawancin masu wannan lalura ba su taɓa taka ƙofar komisariya ba. Abin da ke cina shi ne, mu malamai ne muka fara yanke masa hukunci tun yana ɗan shekara tara. Mai yara kusan ɗari a aji, wa ya koya masa gane irin wannan yaro? Ni dai ba a koya mini ba, kuma ban tambaya ba.

Da zan fito ya miƙo mini takardar kotu a ninke, kansa a ƙasa. Ya ce, "Mushe, don Allah karanta mini, wata nawa suka ce?"