Mayotte yankin Faransa ne, amma ba Turai ba ce

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke ɗauka cewa mutanen tsibirin Mayotte sun haye, tunda a ƙarƙashin Faransa suke. Ba a banza suke faɗar haka ba: kuɗin Yuro ake kashewa a can, kuma tun 2011 tsibirin ya zama cikakkiyar gundumar Faransa.

Sai dai a duk gundumomin Faransa babu wadda ta kai Mayotte talauci. Kusan kashi uku cikin huɗu na mazaunanta suna rayuwa ƙasa da ma'aunin talauci na ƙasar. Tsibirin yana tekun Indiya ne, tsakanin Madagaska da Mozambik, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 400 ba, amma mutum fiye da dubu 300 ke zaune a kai, galibinsu Musulmi. Masana'antu ba su taka kara sun karya ba, kayan masarufi da yawa shigo da su ake yi, albashin gwamnati ne ke juya kasuwa.

Ga kuma makwabta. A 1974 Mayotte ta zaɓi zama da Faransa, sauran tsibiran Komoros suka nemi 'yanci. Har yau mutanen Anjuwan, ɗaya daga cikin tsibiran Komoros mai nisan kilomita 70 kacal daga Mayotte, suna tsallakowa cikin ƙananan jiragen ruwa, don talakan Mayotte ma ya fi su samu. Jama'a na ƙaruwa, makarantu da asibiti ba sa isa.

A lokacin farin da aka yi a Mayotte a 2023, ruwan famfo kwana ɗaya cikin uku yake zuwa a yawancin unguwanni.