Ganyen Kanada a fostar Godiyar Kaka

To, kun dai ga fostar da kwamitin cocinmu ya fitar don Godiyar Kaka, wato sujadar gode wa Allah saboda amfanin gona. Duk wanda ya zo sujada ranar Lahadi ya gan ta a bakin ƙofa, ba sai na sake ɗora ta a nan ba. Jajayen ganyaye, wata 'yar siririyar hanya cikin daji, rana na ratsowa ta tsakanin itatuwa, a ƙasa an rubuta "Ni ne hasken duniya", Yohanna 8:12. Wai Godiyar Kakar mutanen Kano ke nan. Sannunku da aiki, 'yan kwamiti. Saura ranar Kirsimeti ku zubo mana dusar ƙanƙara, mu da hunturu ke tsaga wa leɓe.

Ganyen nan shi ne wanda ke jikin tutar Kanada. A can yake yin ja, idan yini ya gajarta, sanyi ya shigo, koren ya janye. Mu a nan yini da dare kusan kunnen doki suke yi duk shekara. A wace gonar kuka taɓa ganin sa, Kura ko Bichi? Hasken da Allah ya ce ya kasance tun a Farawa 1:3, a Kano ma yana sauka. Kullum. Ba ya neman biza.

Na san za a ce haushi nake ji don ba a ɗauki hotunana ba. E, ina jin haushi, sai me? Guda shida na kai, aka ce min wai "ba su fito kamar na waje ba". Dama ai ba a waje na ɗauka ba, a hanyar Gwarzo na ɗauka.

Bari in gaya muku abin da ke cikin ɗaya. Ƙarshen Oktoba ne, ruwa ya ɗauke, sama ta wanku, hazo bai kankama ba. Wajen biyar da rabi na yamma na tsaya a gefen wata gona. Wata tsohuwa tana shiƙar gero, ta ɗaga ƙwarya sama tana zubowa a hankali, rana tana bayanta. Tsabar ta sauka ƙasa, iska ta kwashi ƙaiƙayin, kowane ƙwalli ya kama wuta kamar an watsa garin zinariya. Bayanta kawunan dawa sun sunkuya, jajaye, ba a kai ga yanka ba. Na ce, "Iya, in ɗauka?" Ta ce, "Ɗauki mana ɗan nan, in dai ba za ka tsayar min da aiki ba." Minti ashirin ban ƙara ba rana ta faɗi. Mu ranarmu ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa kamar ta ƙasashen sanyi, in ka tsaya gyara kyamara ka yi asara.

A wurin nan, gaskiya, sai da idona ya ciko. Ƙaiƙayi fa, abin da ake zubarwa, abin da ke sa mutum susa. Ba shi da hasken kansa ko kaɗan, amma da haske ya bi ta cikinsa sai ya zama abin kallo. Ni ban san wani wa'azi a kan alheri da ya fi wannan ba. Haka nake ganin kaina a gaban Ubangiji. Kyamara ma ai abin da take yi ke nan, ba ta ƙirƙirar haske, karɓa take yi ta ajiye.

Wani ya ce min ai hoto ne kawai, kada in mai da allura garma. In hoto ne kawai, me ya sa ba a bar takardar fara ba? Wata kuma ta ce faɗuwar ganye alama ce ta mutuwa da tashi. Madalla, Anti. Kuka ba ta zubar da ganye ne? Ga gawo ma, da damina ya tsaya tsirara, sai kowa ya bushe shi kuma ya yi kore shar. In alama kike nema, ga ta nan a bayan gari. Yesu da kansa da ƙwayar alkama ya yi misali a Yohanna 12:24, da mai shuka, da girbi. Maganar manoma ya yi wa manoma.

Abin da ke ci min rai shi ne yaranmu. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma har yau ana tambayarmu ko mu Hausawa ne da gaske, ana cewa addinin Turawa muka ara. Sai kuma mu da hannunmu mu manna dajin Turawa a ƙofar coci, a ranar da iyayenmu mata na zumunta za su shigo da damin gero da masara a ka, suna waƙa. Yaro ya dubi damin, ya dubi fostar, me kuke so ya ɗauka? Cewa hasken Allah na ainihi yana can, namu na nan ƙura ce?

Baba Fasto bai san yadda aka yi ba, kada kowa ya kai masa magana a karkace.

Af, kuma wanda ya ari abin ɗora kyamarata mai ƙafa uku tun bikin Ista, ya san kansa. Dawa ta kusa yanka, ina so in leƙa wajen Dawanau kafin hazo ya rufe gari. Ko a ba mai gadi ya ajiye min, ba sai mun haɗu ba.